Layi Na Tara Bai Ci Taki Ba

Uwar 'ya'yana,

Gaisuwa mai tarin yawa. Ya ƙafar Inna? Ya yara? Ni lafiya lau, aikina ne dai ke rawa.

Kinsan gonar gwajin da nake aiki. Dakta, shugabarmu, tasa muka shuka masara iri goma a wani fili da ya mutu murus, kowane iri da layinsa, tace kar a sa taki ko ƙwaya ɗaya. Sati biyar ganye yayi rawaya kamar mai shawara. Ni da nake noma tun ban iya ɗaura wando ba, in tsaya kallo? Nace a raina baiwar Allahn nan karatu ne kawai. Ranar hutu na ciko bokiti da taki nabi layi layi.

Masara tayi kore shar! Ina gyara hula ina jiran yabo, Dakta tazo ta dafe kai. Ashe yunwar ce gwajin. So suke su gano irin da ke jure gajiyayyar ƙasa, kamar gonar Baba. Tace wanda yayi wannan zai kama gabansa. Ba wanda ya ganni, amma gobe zan faɗa da bakina. Kiyi min addu'a, kar ki gayawa Inna.

Mijinki, Gwanin Fartanya

Uwar 'ya'yana,

Bayan gaisuwa, da fatan kowa lafiya. Na faɗa. Har ofis naje na sami Dakta.

Dakta ta tambayi layukan da na ciyar. Nace takin ya ƙare min a na takwas, tara da goma basu samu ba. Wallahi matar nan ta rigani zuwa gona! Na goma a tsugune, rawaya, ko gwiwata bai kai ba. Na tara kore, har ƙirjina. Ƙasa ɗaya, yunwa ɗaya. Tace abin a jinin irin yake, gado ne. Nace ai dama na lura.

Bata koreni ba. Hukuncina, in sake shuka filin duka dan a tabbatar, in kuma tsareshi daga masu tausayi irina. Na kife bokitin na zauna akai. Ko masarar nan zata kira sunana tana kuka, bazan bata taki ba, sai na kawowa Baba irin layi na tara.

Ki gaida kowa.

Mijinki, wanda ya gano na tara