Daɓen Ɗakin Inna

Perry Barr, Birmingham

Yaya Kulsum,

Assalamu alaikum. Ya jikin Inna, ya zaman Gusau? Allah ya sa kun fara sabawa da gidan mutane. Ni lafiya lau, tarin ya yi sauƙi, GP, wato likitana, ya ce sanyi ne kawai.

Ranar Asabar jami'armu ta kai mu ganin kufan wani gidan gona na Rumawa, wai ya haura shekara dubu da ɗari biyar. Yaya, kufai ne fa kawai, amma an yi masa rumfa, an kewaye shi da igiya, har da mai gadi! Na durƙusa na shafa daɓen, mai gadin, wata mata, ta daka min tsawa. Daɓen ɗakin Inna na tuna, wanda kuka yi kwana biyu kuna bugawa kuna zuba makuba, kafin 'yan bindiga su tashe mu. Shi wa ya yi masa rumfa?

Kin ce Kawu Sanda yana son komawa ƙauye ya dubo gidan. Don Allah ki hana shi. A hanyar nan muka rasa Baba. Daɓe kuwa, na gani da idona, yana iya jira.

Allah ya tsare ku.

Ƙaninki,
Muhsin