Dabinon Mahaifina a Gonar Malam Sule

Zuwa ga Bature mai rangadin ƙasar Dutse,

Gaisuwa mai yawa da fatan ka sauka lafiya. Ni ne Habu ɗan Malam Isa, manomi a Limawa. Da ajami na rubuta, tafintanka zai karanta maka. Na kuma sa a karanta a bakin kasuwa don kowa ya ji.

Ranka ya daɗe, da godiya zan fara. Damina ta yi albarka, rumbuna sun cika, hanyar Jahun ta yi lafiya har mata na zuwa cin kasuwa ba rakiya. Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai.

Na farko. Mahaifina ya dasa dabino a gonar amininsa, mahaifin maƙwabcina Malam Sule. Haka muka gada a nan: ƙasa ta mai gona ce, itace kuwa na wanda ya dasa ne da 'ya'yansa. Ni ke hawa in yi wa dabinon barbara don ya yi 'ya'ya, Malam Sule na noma gero a gindinsa. In na sauke, kwandon farko gidansa ake kaiwa. Har muka yi furfura ba wanda ya ji kanmu.

Na biyu. Bayan ƙaramar sallar bara mai awon ƙasa ya zo da sarƙarsa ta awo, ya kafa duwatsu, ya ce daga yau duk abin da ke cikin gona na mai gonar ne. Bai tambayi mai unguwa ba, bai tambayi liman ba. Da na buɗe baki aka ce in yi shiru, doka ce.

Da dabinon ya nuna sai na ƙi zuwa, kada a ce na taka doka. Malam Sule ya sa 'ya'yansa suka sauke, ya ɗoro wa jaki, ya kawo da kansa har ƙofar gidana. Ya ce, "Malam Habu, don an kafa dutse ba zan ci gumin Baba Isa ba." Ko ƙwaya ɗaya ban rasa ba, alhamdulillahi. Amma mu biyun mun tsufa, kuma a Takur tuni wasu surukai suka daina gaisawa a kan irin wannan.

Roƙona shi ne a bar wa mai unguwa da liman da dattawanmu hukuncin itatuwanmu, in ta gagara a kai wa alƙali, kamar yadda aka saba. An ce da kuka zo kun yi alkawarin ba za ku taɓa shari'armu ba; mun riƙe maganar nan. In ka zo, a shimfiɗa tabarma ka ji daga bakinsu. Ina so in koma ga Allah na san jikana da jikan Malam Sule za su ci dabinon nan a kwano ɗaya.

Allah ya ba ka lafiya, ya sa adalci a zuciyarka, ya maida kai ga iyalinka cikin aminci.

Wassalam.

Habu ɗan Malam Isa, Limawa.