Ta Taga Muka Fitar da Mahaifina

Zuwa ga Mai Girma Shugaban ofishin da ya zana mana sababbin gidaje a Tamale.

Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, da fatan kana lafiya kai da iyalinka.

Sunana Iddirisu, tela ne ni a unguwar Dabokpa. Shekarar da muka sami 'yancin kai aka rushe gidanmu na ƙasa saboda hanya, aka ba mu ɗaya cikin gidajenku na siminti, waɗanda duk fasalinsu ɗaya. Kafin mu tare, akawunku ya shimfiɗa mini takardar zanen. Ga gado, ga kujeru, ga taga. Ya ce a Ankara, babban birninmu, aka zana, an auna komai, ba a ɓata ko taku ba. Wallahi na yi murna, na ɗauka sabuwar Gana ta tuna da mu. Amma ga abin da muka tarar.

Na farko. Babu zaure, babu tsakar gida. Baƙo yana sallama idonsa na kan tukunyar matata. Mahaifina, da ya saba wuni a zaure da abokansa, ya koma ɗakin baya, ta wani lungu mai lanƙwasa wanda mutum biyu ba sa wucewa tare. Abokan suka daina zuwa.

Na biyu. Da jikinsa ya yi tsanani, na nemi izinin fasa ƙofa daga ɗakinsa zuwa waje. Sufetonku ya ɗora yatsa a kan zanen, ya ce babu ƙofa a nan, in na taɓa bango za a karɓe gidan.

Na uku. Da daminar bana Allah ya yi masa rasuwa. Muka yi masa wanka da sutura, amma makara ta ƙi juyawa a lungun. Ko a hannu, sai an miƙar da shi tsaye. Liman da jama'a suna waje suna jira. Muka ɓalle katakon taga, ni da ƙanena muka miƙa dattijon nan kamar buhun masara. Har yau gwaggona ba ta sake taka gidan ba.

Roƙona, a bar mu mu fasa ƙofa. Kuma mai zanen nan ya zo Tamale, ya wuni a gidan talaka, ya ga yadda ake zama da yadda ake fita, kafin ya sake ɗaukar fensir.

Allah ya ƙara maka lafiya da tsawon rai. Ranar da taka ta zo, Allah ya sa ta ƙofa za a fitar da kai.

Wassalam.

Iddirisu Tela, Dabokpa.