Ranar Ganawa a Babban Kanti

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da Baba, da fatan ƙafarsa ta yi sauƙi. Yaya mutanen Kusasu? An samu shiga gonar bakin daji bana?

Ni lafiya lau nake a Legas. Mu biyar ne a ɗaki, amma ana sabawa.

Na nemi shiga horon da wani babban kanti ke ba waɗanda suka gama jami'a, kafin a ɗauke su aiki. Ranar ganawa, shugabar ta tambaye ni, "Kin taɓa sayar da wani abu?" Babu wannan a takarduna. Sai na ba ta labarin zamana a rumfarki a kasuwar Birnin Gwari, da yadda kika koya mini gane mai saye da mai tayi kawai. Ta ajiye biro tana saurare.

Idan suka ɗauke ni, bana ma ba zan zo Sallah ba. Ban san wanne zan roƙa ba, Inna. Ki roƙa mini wanda ya fi alheri.

'Yarki,
Karima