Yashin da Na Kai Gonar Ɗelu

Madarumfa, 20 ga Agusta

Zuwa ga ɗiyata Jamila, a Yamai.

Bayan gaisuwa, ya karatu? Kada ki yi mamakin ganin takarda. Salulata tana ƙarƙashin gulbi tana hutawa. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san a aji huɗu mushe, malaminmu na boko, ya sallami ubanki, ya ce kowa ya huta.

Kin san lanƙwasar da gulbi ke yi a gindin gonarmu kafin ya faɗa tabki. Duk damina sai ya gutsure mini taki biyu. Bana da rani na ce ya isa. Na ɗauki felu na haƙa masa miƙaƙƙiyar hanya don ya wuce bai gaishe ni ba. Kawu Ilyasu, tsohon masuncin nan, ya ce, "Sule, tun zamanin kakanka ruwan nan ta can yake bi." Na ce masa kakana ba shi da felu.

Ranar Talata ruwa ya sauko daga Najeriya. Hanyar da na haƙa kamu biyu, yanzu manyan motocin kamyo biyu sai su jera a ciki. Ina tsaye a gaɓa ina yaba aikina, gaɓar ta zube da ni. Da gora aka jawo ni, ba hula, takalmi ɗaya.

Ruwan ya miƙe gonar Innarki Ɗelu. Ke da kike karatun ruwa, idan ya janye, dawarta za ta tashi?

Ubanki, injiniyan gulbi,
Sule

Yamai, 2 ga Satumba

Baba,

Ina gaishe ka da ladabi, na gode wa Allah da ka fito da rai. Amma ban yi dariya ba.

Lanƙwasar nan ita ke rage wa ruwa gudu. Ka miƙar da shi, ya kwaso yashi da ƙarfinsa. A watan nan kuma tabki cike yake, yana turo ruwa baya. Inda biyun suka haɗu gudu ke mutuwa, nan kuma yashi ke zama. An koya mana haka ake yi inda kogi ke shiga teku, sai dai teku sau biyu take turowa a yini, tabkinmu sau ɗaya a shekara. A da, mahaɗar tana cikin ciyayin bakin tabki. Yanzu ka kai ta gonar Inna.

Ba ruwa ne zai kashe dawar ba, Baba, abin da zai bari ne.

Ba ka ce ka je wurinta ba. Matar da ta goya ni bayan rasuwar mahaifiyata, ga ta ba miji, ba wata gonar.

Ɗiyarka,
Jamila

Madarumfa, 15 ga Oktoba

Jamila,

Gaisuwa da fatan alheri. Na daɗe ban rubuto ba, biro lafiyarsa lau, ni ne dai.

Ruwa ya janye. Yashi ya kai cinya a gonar Ɗelu, dawar ta kwanta, kanta kawai ke leƙowa. A wajena kuwa tsohuwar lanƙwasar ta cika da baƙar laka, irin wadda ko sanda ka dasa sai ta yi ganye. Shekara talatin ina wauta, ban taɓa yin wadda ta biya ni ba sai wannan, ita ce kuma ta hana ni cin tuwo.

An zauna gaban mai gari. Ya ce al'ada ita ce iyaka tana bin ruwa, abin da gulbi ya ba ka naka ne, abin da ya ɗauke ba a kai ƙara. Kawu Ilyasu ya ce, "Gulbin da felu ya ja fa?" Aka ce al'ada ba ta san felu ba. Na ci shari'a. Ba wanda ya ba ni hannu.

Na je gidanta. Na ce, "Yaya Ɗelu, ki ɗauki lakar nan duka, ki zuba albasa." Tana sussukar ɗan geron da maƙwabta suka tara mata, ba ta ɗago ba. Ta ce, "Sule, gonata tana nan, ka rufe ta ne. Mijina da hannunsa ya share ta. Ba na son taka. Buɗe mini tawa."

Na juyo gida.

Gaya mini gaskiya, yashin nan amalanke nawa ne?

Ubanki

Yamai, 28 ga Oktoba

Baba,

Ina gaisuwa. Na lissafa. Kai kaɗai, rani uku. Idan ba ka toshe hanyar ba kuma, baɗi gulbi zai maido duk abin da ka kwashe. In ka toshe, zai koma cin gonarka.

Jamila

Madarumfa, 9 ga Nuwamba

Ɗiyata,

Na toshe. Bari gulbi ya zo ya ci, dama ya saba da ɗanɗanona.

Yau amalanke goma sha ɗaya. A kusurwar gabas na tarar da baƙar ƙasa, faɗin tabarma. Ɗelu ta zo ta tsuguna, ta damƙa, ta shinshina, ta tafi. Amma ta aiko da fura.

Saura rani uku, ban da tabarma ɗaya.

Ki gaida malamanku.
Sule