Kwalbar Ƙarshe ta Deraman

Lahadi, 3 ga Satumba

Gobe tafiya. Matan masallacinmu na nan garin Tumpat ne suka shirya, wai yawon buɗe ido da sayen yadi a Vietnam. Tun da na fita takabar Deraman Kak Rokiah ta sa ni gaba. Babbarmu ce, kuma ba a yi mata musu. Ta ce, "Kelsom, ko ki hau jirgi da ƙafarki ko mu naɗe ki a tabarma mu sa a kaya."

Ɗana Shukri ma ya ce in je. Idan na dawo zai zo da mota ya kwashe ni zuwa Kuala Lumpur, gidan nan kuma a sa shi kasuwa. Ya ce, "Mek," wato Inna, "ba zan bar uwata ita kaɗai a ƙauye ba." Na ce to. Ɗa nagari ne, ban da abin cewa. Matarsa har ta fara ware kaya, ta tsaya kan randunan bayan gida tana tambayar wa za a ba.

A randunan nan muka yi shekaru muna tsima budu, ƙananan kifi da gishiri, wata da watanni har su zama romo. Kwalba ɗaya ta rage daga wanda Deraman ya yi da hannunsa. Ban buɗe ta ba. Na ji tsoron surukata ta zubar kafin in dawo, sai na naɗe ta a tsakiyar gyalulan anko, tunda ni na yi musu kalmasa suna cikin akwatina. Ban gaya wa kowa ba.

Litinin, 4 ga Satumba

Mun sauka lafiya, alhamdu lillahi. Zafi irin na gida, sai dai babura kamar an tone gidan tururuwa. Che Limah, wadda muke ɗaki ɗaya, ta riƙe hannuna daga filin jirgi har otal, wai don kada in ɓata. Ita ce mai rawar jiki, ba ni ba.

Tun wajen ɗaukar kaya na ji warin. Na ce a raina ko na wani ne.

Nawa ne.

Litinin ɗin dai, bayan la'asar

Murfin ne ya tsage. Fiye da rabi ya tsiyaye, gyalulan nan ruwan hoda duk sun sha, babu wanda ya tsira. Gobe ne ranar hoton anko. Che Limah ta toshe hanci ta ce, "Innalillahi, Kelsom, mushe kika ɗauko mana daga Tumpat?" Sai ta ga kwalbar, ta gane rubutun Deraman a takardar da ke manne a jikinta. Ni ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Ban yi irin kukan nan ba ko ranar jana'iza. Kunya ga takaici, ga shi kamar ya sake mutuwa.

Ta fita, na ɗauka ƙarata za ta kai. Suka shigo gaba ɗaya, Kak Rokiah a gaba. Ta ɗaga gyale ɗaya ta sunsuna, ta daɗe. Ta ce, "Wannan na Deraman ne. Ko a makance na san shi." Ta ɗaga kwalbar ta duba abin da ya rage. "To me ake jira? Senah, ɗauko tukunyarki."

Dama kowace ta zo da guzuri, don ba mu san wane abinci za mu samu a nan ba. Kak Senah tukunyar shinkafa ta lantarki guda ta ɗauko, ta naɗe a zanen salla. Wata ta fito da barkono, wata da soyayyen kifi, wata ta sauka ta samo lemon tsami da kokwamba da yaren kurame. Muka baje jarida a ƙasa. Na so in ce kada a taɓa. Kak Rokiah ta miƙo mini kwalbar ta ce, "Ke za ki zuba. Na mijinki ne."

Na zuba.

Kafin a ci suka yi masa Fatiha. Sannan aka shiga labarinsa. Yadda yake korar kaji daga randuna da salatin Annabi. Yadda ya taɓa bin Kak Senah har gida don ta ce budunsa ya yi gishiri. Ta ce, "Kuma wallahi ya yi, Allah Ya jiƙansa!" Na yi dariya har na sarƙe. Na ci faranti biyu. Rabona da haka tun yana asibiti.

Talata, 5 ga Satumba

Wanki uku, warin ko gezau. Na ce a fasa ankon, ni na jawo. Kak Rokiah ta ce, "A fasa? Bayan duk kalmasar da kika yi? Ku ɗaura, 'yan nan. Duk wanda ya matso mu shi ya jiyo." Haka muka fita reras, ruwan hoda, muna tashin kifi. A cikin mota direban ya waiwayo, ya yi murmushi, ya buɗe taga.

Ban san da wane baki zan gode wa matan nan ba.

Laraba, 6 ga Satumba

Kasuwa. Ƙafafuna. Ban sayi komai ba sai zare.

Alhamis, 7 ga Satumba

Da safe mai gyaran ɗaki ta shigo, dattijuwa kamar sa'ata. Na yi saurin ɓoye kwalbar, don na bar ta a bakin taga, na kasa jefarwa. Ta riga ta gani. Ta miƙo hannu, na ba ta. Ta sunsuna, ta lakaci ɗan abin da ya maƙale a wuyan kwalbar ta ɗanɗana. Ta lumshe ido. Ashe su ma cimarsu ce, nasu dai da na gani a kasuwa ya fi tsinkewa. Ta yi ta zuba da yarensu, ban ji ko ɗaya ba. Ta nuna kwalbar, ta nuna ni, wato ke kika yi?

Na buɗe baki in ce mijina ne. To da wane yare? Kuma da na tsaya na yi tunani, shi ke sayo kifi ya ɗauki randa, amma gishirin ni nake aunawa tun muna amarya da ango. Shi dai a ba shi surutu. Sai na gyaɗa mata kai.

Che Limah tana kan gado tana kallonmu. Da matar ta fita ta ce, "Dama mun sani. Duk garin an sani, shi kaɗai ne bai sani ba." Na jefe ta da matashi.

Juma'a, 8 ga Satumba

Sun kai mu kogi a kwalekwale. Ga bishiyoyin kwakwa, ga mata suna shanya kifi, kamar bayan gidanmu. Kak Senah ta ce mun hau jirgi biyu don mu zo mu ga Tumpat.

A hanyar dawowa Kak Rokiah ta zauna kusa da ni. Tana kallon taga ta ce kifi ya yi araha a gida yanzu, kafin iskar damina ta hana masunta fita. Ta ce in na tafi birni sai dai su koma cin na kanti, mai ɗanɗanon ruwan wanki. "Ba hana ki nake ba. Ɗanki ne. Na dai faɗa." Ta ce jikokinta ƙarti ne, cin banza kawai suke, ɗaukar randa ba zai kashe su ba.

Na juya ina kallon hanya. Ita kuwa ba ta ƙara ba, abin da ban taɓa gani ba.

Asabar, 9 ga Satumba

Muna filin jirgi. Na wanke kwalbar, na sa ta a jakar hannu, babu komai a ciki.

Shukri ya kira, yana tambayar ranar da zai kawo mota. Na ce ya bari tukuna, na gaji, ƙafata ma ta kumbura. Na ce kuma ya gaya wa matarsa kada a ba kowa randunan. Ya ce, "Mek, budu fa wata shida yake yi kafin ya nuna." Na ce na sani, ni na haife ka. Ya yi dariya, amma muryarsa ta canja. Ya ce to a ajiye masa kwalba biyu.

Ban ce na fasa zuwa ba. Ban ce ba.

In mun sauka in tuna in tambayi Che Limah ko ƙaninta har yanzu yana kawo gishiri a buhu.