Kada Ka Fesa Maganin Ƙonni

Sahabi,

Kada ka fesa wa tumatir maganin da ka sawo Ƙonni, can Nijar. Ɗazu na sa tabarau na karanta Faransancin jikin kwalbar: na kashe ciyawa ne, ba na tsutsa ba. Duba kunyar da ka gwada jiya, ganyen duk ya lanƙwashe.

Kana masallaci, motar zuwa Amarawa kuwa ba ta jira, za ni gaisuwar rasuwa. Abin feshin cike yake, na kasa ɗaga shi, shi ya sa na ɗaure takardar nan jikinsa.

Na sani, kowa cewa yake maganin tsallaken iyaka ya fi ƙarfi. Ƙarfi kam akwai. Amma mi ya raba mai ciyawa da tumatirinmu?

Innarka